Abin da Maestro Penko Ya Rubuta

A garin Orlin Brod duk wanda ya haura shekara sittin ya san Strahil Gagov sau biyu. Ya san shi saurayi mai siririyar murya, yana durƙushe a dandamalin gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, yana roƙon budurwa. Ya kuma san shi daga baya da kakkaurar murya, ya zama uban budurwar, yana nuna wa saurayin ƙofa. Yaran yanzu ba su san ko ɗaya ba. Abin da suka sani shi ne wani dattijo da kan sayi jarida a bakin gada ƙarfe takwas da kwata, da gyalen ulu a wuya ko da a watan Yuli ne.

An haife shi a watan Maris na 1937, a layin masu haɗa gangunan katako, bayan tashar jirgin ƙasa. Layin babu shi yanzu, an mai da wurin filin ajiye motoci. A wancan zamanin kuwa, duk giyar gundumar da duk kabejin da ake jiƙawa don hunturu a gangunan layin nan suke zama. Ubansa, Bai Racho, wato Baba Racho a bakin mutanen wurin, yana da hanyarsa ta gwada aiki. In ya gama ganga sai ya cusa kai ciki ya yi gunji. In ta amsa masa cif, to babu ɓaraka. In ta amsa a karkace, sai ya sake ɗaure ta. Strahil ya gaji sana'ar da gwajin duka, sai dai shi in ya cusa kai ya yi nasa gunjin, har matan da ke jiran jirgin Sofiya sukan waiwayo. Wannan ne ya sa shugaban ƙungiyar mawaƙan ma'aikata ya rubuta masa 'yar takarda zuwa ga Maestro Penko Darakchiev, malamin murya.

Ranar Laraba ce, 3 ga Oktoba 1956. Maestro yana zaune a bene, saman kantin magani, a ɗaki guda mai fiyano da murhun gawayi da kujeru huɗu marasa daɗin zama. Gajeren mutum ne mai sanƙo, wanda ya yi shekara uku a Italiya kafin yaƙin duniya na biyu, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba. Yana da wani baƙin littafi da kowa ya ji labarinsa amma ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa. Duk sabon ɗalibi, ranar da ya fara buɗe baki, Maestro kan rubuta kwanan wata da sunansa da kalma ɗaya tak, ya rufe, ya kulle a aljihun tebur.

"Kai ne mai gangunan?" in ji Maestro.

"Ni ne, Maestro."

"Cire hular nan, ba kasuwa ka zo ba. Kuma kada ka jingina da fiyanona, ta girme ka."

Ya taɓa sauti ɗaya ya ce Strahil ya bi shi. Suka yi ƙasa tare, mataki-mataki, har gilashin taga ya fara rawa. Maestro ya tsaya ya dube shi. Sa'an nan suka juya suka yi sama, suka yi ta hawa har jijiyoyin wuyan saurayin suka tashi, amma ya kai inda aka kai shi. Maestro ya ɗauki alƙalami ya yi rubutunsa, ya jinkirta kaɗan da littafin a buɗe, ya rufe.

"Me kuka rubuta, Maestro?"

"Farashin kabeji. Gobe ƙarfe tara, ba tara da minti ɗaya ba. Kai tenor ne."

Strahil ya sauko benen ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ko mai haɗa ganga ya san cewa tenor shi ne mai muryar sama, shi ake ba masoyi, sunansa ne a saman takardar talla. Bariton, mai muryar tsakiya, rabonsa uba ne ko yayan yarinya ko mugun da ake soka wa wuƙa kafin a sauke labule. Gidan operan garin yana da bariton huɗu a lokacin, suna rigima kan wa zai yi wane uba. Tenor kuwa ɗaya ne, tsoho, da haƙoran roba, kowa na jiran ranar da za su faɗo masa a tsakiyar waƙa.

Shekara uku cur Maestro bai bar shi ya rera waƙa ko ɗaya ba. Hawa da sauka kawai. Yakan kwantar da shi a ƙasa ya ɗora masa ƙamus biyu a ciki, ya ce ya ɗaga su da numfashi. Yakan kunna kyandir ya riƙe a gaban bakinsa, ya ce ya ja sauti har ƙidaya talatin ba tare da wutar ta karkata ba. Ba ruwan sanyi, ba barkono, ba ihu a filin ƙwallo. Ɗanyen ƙwai da sukari kowace safiya. Italiyanci ranar Asabar. Duk wata huɗu ko biyar sai Maestro ya ƙara masa rabin mataki a sama, kamar magini yana ɗora bulo a kan katanga, ya tsaya ya ga ko za ta ɗauka.

Strahil kan fito daga darasi da ciwon kai, wuyansa kamar ya yini yana ɗaukar katako. Ya taɓa faɗa sau ɗaya.

"Ciwo?" in ji Maestro. "Da kake sassaƙa, hannunka bai yi kanta ba? Koma wurinka. Daga farko."

Ya fara fitowa a watan Nuwamba na 1961. Garin ya tashi. Ba su taɓa jin tenor mai nauyin murya irin wannan ba, sautin sama yana fitowa da duhu-duhu kamar ana buga ƙararrawar majami'a. Bai Racho ya zauna a layi na biyu da kwat ɗin aro, ya yi ta share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin fitilu ne. A takardar shirin wasan, ƙarƙashin sunan Strahil, an buga layin da al'ada ta ce a buga wa kowane mawaƙi har ya mutu: ɗalibin Maestro Penko Darakchiev.

Wannan layin ya canza rayuwar tsohon. Kafin nan malamin ƙaramin gari ne. Bayan nan ya zama mutumin da ya ciro tenor daga cikin ganga. Ɗalibai suka fara zuwa daga Sofiya, daga Varna, aka ba shi lambar yabo, aka ƙara kujeru a ɗakin benen. Kowace shekara ranar 24 ga Mayu, ranar da ake kai wa malamai furanni, ɗalibansa tsofaffi da sababbi kan taru a ɗakin da hantsi, kowa ya rera waƙa ɗaya, Maestro yana kan fiyano. Strahil ne kan rufe taron, kullum da waƙa guda, wadda ƙarshenta ke hawa can ƙoli ta tsaya.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa da dukan zuciyarta, wato Tsena, mai ɗinki a ɗakin tufafin gidan opera, wadda ya aura a 1963. Ita ce ke buɗe masa wuyan riguna, kuma ta lura kowace shekara sai ta ƙara buɗewa. Ita ce kuma ke zama da shi washegarin wasa, lokacin da ba ya iya magana sai rana ta take.

"Kai," ta ce masa wata safiya, "in ka ce in miƙo maka gishiri, wani mutum nake ji. Babba, mai nauyi. In ka hau can kuma sai ka koma ɗan akuya. Wanne na aura a ciki?"

Ya rubuta mata a gefen jarida: "Ki bar aikin da ba naki ba."

"Wuyan rigarka aikina ne," in ji ta.

A 1968 wani gidan opera a wani ƙaramin birni na Jamus ta Gabas ya ɗauke shi. Rabin Orlin Brod ya raka su tasha. Maestro ya sumbace shi a goshi, ya sa masa kwalbar zuma a aljihu, ya ce kada ya bari Bajamushe ya taɓa masa murya.

A gida sau ɗaya yake fitowa cikin kwana goma. A can sau uku ne a mako, ga gwaji kullum ƙarfe goma na safe. Hunturun farko ya wuce da zuma da shayi da yin shiru. A na biyu, wata Lahadi a wasan rana, ya hau sautin ƙoli a gaban mutum ɗari bakwai, muryar ta tsage gida biyu kamar busasshen katako. Da a gida ne da an yi masa fito da ihu, ya san abin yi. Waɗannan ba su yi komai ba. Suka yi tari, suka duƙa suna duba takardun shirinsu, kamar suna neman sunan wanda za su tausaya wa.

Likita ya leƙa maƙogwaronsa da ɗan madubi, ya ce jijiyoyin muryar sun yi kanta gefe biyu. Mako shida ba magana, ko raɗa. Strahil ya rataya allo a wuya. Tsena ta ce ba ta taɓa jin daɗin aure irin na makonnin nan ba, amma ya sha ganinta tana tsaye a bakin taga da allura a hannu ba ta ɗinka komai.

Da wa'adin ya cika aka tura shi wurin Frau Wendisch, mai buga wa mawaƙan gidan fiyano a wajen gwaji, ta dawo da shi a hankali. Doguwar mace ce mai furfura, ta shekara talatin da ɗaya a ɗaki ɗaya mara taga, tana yanka tuffa da 'yar wuƙa tsakanin mawaƙi da mawaƙi. Ta fara da shi daga tsakiya. Maimakon ta yi sama sai ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa. Muryar ta bi ta ba gardama, tana buɗewa tana faɗi, har Strahil ya ji ƙirjinsa na amsawa irin yadda gangar ubansa ke yi in babu ɓaraka. Ta ɗauke hannu.

"Herr Gagov, wa ya ce maka kai tenor ne?"

"Malamina."

"Yana da kunne?"

Ran Strahil ya ɓaci. "Duk ƙasarmu ba mai kunnensa."

"To ya san abin da na sani." Ta yanki tuffa ta ci. "Kai bariton ne da aka koya wa hawa tsani. An koya maka da kyau, ban musa ba, ban taɓa ganin wanda ya daɗe a sama haka ba. Amma ka ƙara shekara biyu a can, ba za ka sami muryar da za ka kira mai kawo giya ba. Ka je ka yi tunani. Rufe mini ƙofa, iska na shigowa."

Bai koma ba sai bayan kwana tara. Ba wuyar aikin ce ta tsayar da shi ba, ko da yake aikin ba kaɗan ba ne: wasa goma sha ɗaya ya haddace, duk sai ya zubar ya fara daga fari yana da shekara talatin da uku. Layin nan ne na ƙarƙashin sunansa. In ya sauko ya koma bariton, ya faɗa wa duniya ke nan cewa Maestro Penko bai san muryar ɗalibinsa ba, kuma duk abin da tsohon ke da shi a kan wannan murya aka gina shi. Ga wasiƙunsa suna zuwa kowane wata, da rubutunsa mai kyau, yana tuna masa ya riƙa rufe sautin sama, ya guji giyar Jamusawa mai sanyi.

"Shi ya yi ni," Strahil ya ce wa Tsena. "Da ba don shi ba da ina can ina buga ƙarfe a gindin ganga."

"Ya yi ka, na ji. To ya zo ya rera maka ranar Juma'a."

"Tsena."

"Kada ka ce mini Tsena. Ni ka aura ko shi? Shi yana can yana shan shayi da lambar yabo a ƙirji, ni ina nan da mutum mai allo a wuya kamar saniyar sayarwa. In ka rasa muryar gaba ɗaya, sunan wa za a buga a ƙarƙashin me?"

Washegari ƙarfe goma yana ɗaki mara taga.

Wata goma sha huɗu suka yi. Gidan operan bai sallame shi ba, ya bar masa ƙananan wurare: manzon da kan shigo ya ce sarki na zuwa, baran da kan ajiye fitila ya fita. Mutumin da aka raka tasha da furanni ya riƙa tsayawa bayan labule awa biyu don layi biyu. Frau Wendisch ba ta taɓa yabonsa ba. Abu ɗaya ta taɓa cewa, wata rana da ya ja dogon sauti bai girgiza ba: "Numfashin nan wanda ya dasa maka shi ya san aikinsa. Shi kaɗai ba zan taɓa ba."

A watan Afrilu na 1971 ya fito a matsayin uba, da furfurar ƙarya da sanda. Mutum ɗari bakwai ɗin nan ba su yi tari ba. Amma abin da shi ya fi tunawa shi ne washegari: ya farka ya ce wa Tsena ina kwana da murya sosai, ya tambaye ta ko akwai sauran cuku, ya yi mata labarin mai sayar da gawayi, ya yi ta zuba har ta ce ya dawo da allon.

Maestro bai sani ba. Strahil ya roƙi gidan su bar ƙarƙashin sunansa fili, ba sunan kowa, ya ci gaba da amsa wasiƙu da labarin sanyi da tsadar lemo. Shekara biyu bai je gida ba, ya ce aiki ne. Da haka za a yi ta tafiya, sai ga gayyata daga Italiya: ana son sa a kaka ta 1972, kuma za a sa wasan a rediyo. Duk gidan da ke da rediyo a Orlin Brod zai kama, Maestro kuma zai zauna kusa da tasa da ɗalibai kewaye da shi, yana jiran tenor ɗinsa.

"Gara ya ji daga bakina," in ji Strahil.

Suka sauka gida ranar 22 ga Mayu. Ranar 24, ita ma Laraba ce, ya hau benen nan ƙarfe goma da damin furanni da takardar waƙa a naɗe cikin aljihun kwat. Ɗakin ya cika, mutum goma sha bakwai, da farantan banitsa, burodinsu mai cuku, a kan taga, ana jin kiɗan faretin 'yan makaranta daga titi. Maestro ya kai shekara saba'in da takwas, ya ƙara gajarta, hannunsa na rawa sai in ya ɗora shi a kan fiyano. Ya rungume Strahil, ya ja baya ya dubi wuyansa.

"Ka rame a wuya," ya ce. "Ba sa ba ka abinci?"

Kowa ya rera tasa waƙar. Da aka zo ƙarshe Maestro bai tambaya ba, ya fara buga mabuɗin waƙar kowace shekara, ɗalibai mata suka gyara zama. Strahil ya zaro takardarsa, ya warware, ya ɗora a kan ta Maestro.

"Wannan zan yi bana, Maestro, in kun yarda."

Tsohon ya tsaya. Ya gyara tabarau ya karanta layin farko. Kowa a ɗakin ya san waƙar, ta uba ce mai roƙon ɗansa ya dawo gida, kuma kowa ya san muryar da ke yin ta. Bai Dragan, ɗaya daga bariton huɗun nan na da, ya tsaya da banitsa a hannu bai kai baki ba.

Maestro ya daɗe yana kallon takardar. Sa'an nan ya lashi yatsa ya daidaita gefenta, ya fara bugawa.

Minti huɗu da rabi ce waƙar. Strahil bai dubi kowa ba, ya kafa ido a kan bututun murhu. Gilashin tagar ya yi rawar da ya yi shekara goma sha shida da suka wuce. Da ya gama ba wanda ya tafa, kowa na jiran fuskar Maestro. Bai Dragan ne ya fasa shirun.

"To, barka da zuwa unguwar talakawa, ɗan Racho. Allah ya so mu da ba ka zo da wuri ba, da duk mun koma tallan gyaɗa."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta.

"Ku sauka ku kalli fareti," in ji Maestro. "Duka. Dragan, ɗauki farantin ka tafi da shi, na san ba za ka bar shi ba. Tsena, 'yata, ke ma."

"Ni ina nan," in ji Tsena, ta zauna a kujerar bakin ƙofa da jakarta a cinya.

Da ɗakin ya watse Strahil ya fara maganar da ya shirya tun daga Jamus, cewa kowa na iya kuskure, cewa murya kan canza da shekaru, cewa zai gaya wa 'yan jarida haka. Maestro ya ɗaga masa hannu. Ya ciro mabuɗi daga aljihun falmaran, ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko baƙin littafin. Bai yi dogon nema ba. Ya juya shi ya tura gaban Strahil.

3 ga Oktoba 1956. Gagov, Strahil, mai haɗa ganga. Bariton.

Strahil ya karanta sau biyu.

"Kun sani."

"Tun kafin ka cire hula."

"To me ya sa?"

"Bariton huɗu ne a gidan, kai na biyar. Ba za su ɗauke ka ba, da ka koma wa ubanka, ka riƙa waƙa a bikin aure. Tenor suke nema, shugaban gidan yana hawa benen nan kowane wata yana tambayata." Ya cire tabarau ya goge. "Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kaina. Akwai na biyu. Na ga sama tana nan, 'yar kaɗan, na ce bari in ga ko zan iya. A Italiya na ga wani malami ya yi, ya dace. Na so a ce ni ma na yi."

"An kuwa ce," in ji Tsena daga bakin ƙofa. "Har da lambar yabo."

Maestro bai waiwaya ba. "An ce, 'yata."

"Mako shida na yi da allo a wuya, Maestro," in ji Strahil. Muryarsa ba ta tashi ba. "Likita ya ce saura kaɗan. Na rubuta muku cewa mura ce."

"Na san ba mura ba ce. Mai mura ba ya rubuta shafi huɗu a kan farashin lemo."

"Da ba za ku ce komai ba har in rasa ta?"

Tsohon ya dubi littafin. "Ban sani ba," ya ce. "Na sha ɗaukar alƙalami in rubuta maka."

Faretin ya wuce ƙarƙashin taga, ganguna da kakaki, ya yi nisa. Strahil yana tsaye, yana jin haushin da ya taho da niyyar kare tsohon daga kunya, ashe shi ne aka bari cikin duhu. Ya dubi hannuwan nan masu rawa, ya tuna ƙamus biyu da kyandir, da abin da Frau Wendisch ta ce ba za ta taɓa ba.

"Wa ya sauko da kai?" in ji Maestro.

"Wata mata ce, mai fiyano. Frau Wendisch."

"Bajamushiya." Ya yi tsaki a hankali. "Ta yi aiki mai tsabta. Amma a layi na uku kana shan numfashi a tsakiyar kalma, kamar mai gudun kare. Ita ta koya maka wannan?"

"A'a."

"Na sani. Gobe ƙarfe tara."

Tsena ta miƙe. "Strahil, in ka zo gobe..."

"Zan zo," in ji shi. Ya juya ga Maestro. "Amma a Italiya suna biyu za a buga a ƙarƙashin nawa. Naku da nata. Kuma in an tambaye ni yadda aka yi, ba zan ce murya ce ta canza ba. Zan ce ku tambayi Maestro."

"Nata a gaba ko nawa?"

"Nata."

Maestro ya rufe littafin. "Su zo su tambaya," ya ce. Bai mai da littafin aljihun tebur ba, ya bar shi a kan fiyano.

'Yan jaridar sun zo kuwa, bayan rediyon nan na kaka, kuma Maestro ya nuna musu shafin. Ɗalibai biyar suka bar shi kafin Kirsimeti, na Sofiya suka daina zuwa, aka rage kujeru. Ya rayu shekara huɗu bayan haka. Duk lokacin da Strahil ya zo hutu yakan hau benen ƙarfe tara, su yi faɗa a kan numfashi. Tsena ba ta sake taka benen ba, amma ita ta ɗinka rigar da aka binne tsohon da ita, ta ce ba za ta bari a sa shi a rami da wuyan riga a karkace ba.

Strahil ya yi shekara ashirin da biyu yana rera uba da sarki da mugu, a ƙasa goma sha huɗu, daga Lisbon har Tokyo. Bai zama cikin waɗanda ake buga hotonsu a bangon faifai ba. Ya zama irin wanda gidajen opera kan kira in suna son su tabbata wasa ba zai lalace ba. Bai sake soke fitowa saboda murya ba ko sau ɗaya. A 1994 ya ajiye, ya dawo Orlin Brod, ya kama ɗakin benen nan, wanda kantin maganin ƙasansa ya zama shagon wayoyi daga baya.

Shi ma yana da littafi, mai shuɗin bango. In sabon ɗalibi ya zo yakan bi da shi ƙasa, ya bi da shi sama, ya rubuta kwanan wata da suna da kalma ɗaya. Da fensir yake rubutawa. In ya gama sai ya juya littafin ya tura gaban ɗalibin.

"Karanta da ƙarfi," yakan ce. "In ba ka yarda ba, ga adireshin wata mata a Plovdiv, kunnenta ya fi nawa, je ka ta ji ka. In kun dawo da magana ɗaya, gobe ƙarfe tara. Kuma sauka daga jikin fiyanon nan."